Ki Duba Ƙarƙashinta Kafin Ki Saya

La Courneuve, ranar Lahadi bayan la'asar

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya baƙunta, ya aikin asibiti, ya sanyin Lyon da aka ce ya fi namu shiga ƙashi? Allah Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya haɗa ki da abokan aiki na kirki, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiyar da kike jinya.

Labarin gida ba zan ba ki ba. Kina jin shi a bakin mahaifiyarki Hajiya duk ranar da kika buga tarho, kina kuma ajiyewa kafin in taso daga kujera. Ban ga laifinki ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, motar nan ce. Hajiya ta faɗa mini ranar Asabar mai zuwa za ki je ganin motoci uku da kika ga tallarsu a jarida, duk iri guda, 'yar Italiyar nan mai kujera biyu da rumfar da ake naɗewa baya. Ɗaya ƙirar farko ce mai zagayayyen baya, ɗaya ta tsakiya mai yankakken baya, ɗaya kuma ta yanzu da suka liƙa wa baƙar roba. Ta ce zuciyarki tana kan ta farkon, don ja ce, don kuma ita ce irin wadda ke cikin hoton nan na falo, inda kike zaune kan kafonta, murfin injin nan, kina 'yar ƙarama, da rigar salla, kina dariya har da rufe ido.

Kafin in shiga maganar ƙarfe, bari in fara da tawa. Ranar da muka raka ki tashar jirgin ƙasa, sai da muka tsaya bakin ƙofar jirgin kika ce, "Papa, in na fara amsar salaire, décapotable zan saya irin taka ta da." Wato da albashin fari sai mota marar rufi. Ni kuwa na buɗe baki gaban aminina Alhaji Isuhu da ƙannenki da Turawan da ke wucewa, na ce ɗiyar mutunci ba ta shiga motar 'yan duniya kallabi na tashi sama. Kika dube ni kika ce, "C'est mon travail, Papa," wato guminki ne, kika shige. Jirgi ya tashi hannuna yana cikin aljihu. Tun kina 'yar makaranta kina zuwa lakwal ban taɓa barin ki ki yi tafiya ban dafa kanki na sa miki albarka ba, sai ranar. Abin nan yana ci na. Maganar da na yi kuma ba ita ce ta zuciyata ba, don ba kallabinki nake jin tsoro ba.

Ta yaya ma zan ga laifinki kan son mota? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A garajinmu na Porte de la Chapelle kika koyi tafiya, tsakanin tayoyin da muke ɗaurewa mu aika gida. To tunda abin a jini yake, gara in faɗa miki inda ni na yi tuntuɓe, ke ki ɗaga ƙafa.

Kin san a tashar Maraɗi na buɗe ido. Kafin in zo ƙasar nan na yi shekaru ina kwance injin kamiyo, manyan motocin kaya, ina ɗaurawa, har ya kai in mota ta shigo tasha ina bayan rumfa, daga kukanta nake faɗin ciwonta. Sai dai a gida mota ba ta ruɓewa. Rana takan cinye fenti, rairayi ya cinye inji, amma jiki yana nan. Sai ki ga gawar mota tun ta zamanin Turawa a bayan tasha, awaki na kwana ciki, ƙarfenta garau. Saboda haka mu da kunne muke sayen mota. In inji ya yi, komai ya yi. Wannan ilimin na ɗauko a kaina na kawo Faransa ina taƙama da shi.

Jar motar nan ta cikin hoto, wajen wani Bature mai gyaran haƙora na saye ta, can gabas inda dusar ƙanƙara ke daɗewa a ƙasa. Ni da Alhaji Isuhu muka je. Mutumin ya tada ta, na kafa tsinin turnabis, abin kwance kusa, a jikin inji na ɗora kunnena a kan ƙotar, na ji abu na tafiya sumul kamar keken ɗinki. Alhaji ya ja ni gefe.

Ya ce, "Malam Sani, wagga araha ta yi yawa. Mota tana walƙiya haka, a ba ka ita kuɗɗin jaki? Tambayi mutumen ga mi ya sa yaka son rabuwa da ita."

Na ce, "Alhaji, kai atamfa ka sani, ni moter na sani. Kawo kunnenka ka jiya."

Ya ce shi bai ji komai ba sai ƙara. Na yi masa dariya. Na zagaye motar ina shafa fenti, na leƙa mai, na taka birki, amma ban durƙusa ba. Babbar riga ce a jikina, sabuwa, ga matar Baturen na kallonmu ta taga, ina ni ina kwanciya ƙasa? Ban san cewa a ƙasar nan in hunturu ya zo gishiri suke watsawa a hanya don ƙanƙara ta narke ba. Ko kuwa in ce na sani, ina ganin motocin da ke watsa shi, amma ban taɓa haɗa shi da ƙarfe ba. Gishiri a wurina abin miya ne. Shi kuwa yana can yana shiga kowane lungu a ƙarƙashin mota, yana ci daga ciki, sama na sheƙi.

Don haka, Uwani, ranar Asabar kada ki yi ado. Ki sa tsohon wando, ki tafi da kwali na shimfiɗawa, da tocila, da turnabis, da ɗan maganaɗisu. Ki je da rana, kuma ranar da ba ruwa, don jiƙaƙƙiyar mota duk kyakkyawa ce. In mai ita ya ce bari ya tada miki inji ki ji, ki ce ya dakata tukuna. Ki fara kwanciya. Ki bi dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofa kina ƙwanƙwasawa, lafiyayye yana amsawa, ruɓaɓɓe shiru yake yi ko ya zubo da gari. Ki bi da maganaɗisun a bayan tayoyi da gindin ƙofofi, duk inda ya ƙi kamawa ba ƙarfe ba ne, cike aka yi aka shafe da fenti. Ki fidda tayar ajiya ki duba raminta. In kin ga sabuwar baƙar kwalta a ƙasan tsohuwar mota, ki tambayi abin da aka rufe. Sannan ki naɗe rumfar, ki buɗe ƙofofin biyu, ki rufe. In suna gogawa ko sai an ɗaga su, ki yi sallama ki tafi. Mota mai rufi, rufin yana riƙe ta. Wannan ba ta da rufi, ƙasanta shi ne ƙashin bayanta. Takardar kontrol ɗin nan ta duba lafiyar mota da aka fito da ita yanzu, ki karɓa ki karanta, amma gani ya kori ji.

Sai abu ɗaya da nake so ki yi ko kin manta sauran duka. Ki ɗaga shimfiɗar ƙafa, ta direba da ta gefe, ki tura kujera baya, ki danna yatsanki da ƙarfi inda kusoshin kujerar suka kama ƙasa. In mai motar ya ɓata rai, ya ɓata. Zan faɗa miki dalili nan gaba kaɗan.

Yanzu ga ukun da kika gani. Ta farko ta fi su kyau, ba zan yi miki ƙarya ba. Har yau in na ga irinta ta wuce sai wuyana ya bi ta. Amma ita ce ta fi shekaru, ita ce ta fi shan gishiri, kuma kayan jikinta sun yi wuya. Murfin fitilarta ɗaya in ya fashe, sai ki yi wata kina rubuta wa mutane takarda. Ni da sana'ata ke nan, neman kayan mota a wajen masu farfasa tsofaffi, na san ranar da na ga bayan irinta lafiyayye na ƙarshe, an daɗe. Motar mai garaji ce da wata motar ta zuwa aiki, wanda zai fito da ita ranar Lahadi ya zaga ya maida. Ke kuwa ita ce ƙafarki.

Ta yanzu mai baƙar roba, masu son motar suna yi mata dariya, suna cewa an sa wa kyakkyawa takalmin soja. Ni ban raina ta ba, don ƙaramar shekara ba abin rainawa ba ce. Sai dai za ta sha miki albashi tun ba ki san ɗanɗanonsa ba. Kuma ki tambaya da kyau, akwai waɗanda aka ƙera don Amirka aka dawo da su nan, hanyar shan mansu daban ce, mekanisiyen unguwa in ya buɗe kafo sai ya tsaya yana sosa ƙeya. In irin wannan ce, ki bar musu kayansu.

Da ni ne, ta tsakiya zan ɗauka, ta shekarun ƙarshe-ƙarshe. Injinta ɗan'uwan na ta farko ne, kukan ɗaya, daɗin tuƙin ɗaya, birkinta ya fi, kuma an ƙera ta da yawa har kayanta na ko'ina. Ga shi kina Lyon, Italiya na bayan dutse. Bayanta ne kawai aka yanke, ke kuwa in kina ciki ba bayan kike kallo ba. In an ce daga kudu ta fito, inda ba sa watsa gishiri sosai, to ki ƙara matsawa kusa. Amma duk wannan magana ce ta a kan kujera. In kin kwanta kin ga ta tsakiyar ta ruɓe, mai robar kuma garau, ki ɗauki mai robar, masu dariya su yi ta yi. Inji ana kwance shi a ɗaura, na yi wa ɗaruruwa. Tsatsa in ta kai ƙashi sai dai haƙuri.

To a ce kin saya. Nan ma na yi abin kunya, wannan kam har Hajiya takan ba da labarinsa in baƙi sun zo. Ina kawo motar gida, abin da na fara yi shi ne na cire mata kalorsta, ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwa sai inji ya yi ɗumi. A Maraɗi kowane mekanisiye cire shi yake ya jefa bayan katanga, don mu zafi ne abokin gabanmu. Na cika ta da ruwan famfo zalla, kamar yadda muka saba. Da bazara lafiya lau. Da sanyi ya shigo, inji ya ƙi ɗumi, abin ɗumama ciki sai iska mai sanyi yake hurowa. Hajiya ta shiga da bargo biyu, haƙora na kaɗawa, ta ce, "Malam, wagga mota ce ko randa?" Na ce mata haka motocin tsere suke, ba ta sani ba ne. Wata safiya na sauko na tarar da ƙanƙara ta daskare a ƙarƙashinta, ruwan ciki ya kumbura ya fasa radiyata. Allah Ya taimake ni bai tsaga injin ba. Alhaji Isuhu ya zo ya tsaya kaina da hannu a baya, ya ce, "Mai moter, yau moter ta kwan da mura?" 

Ki bar wa Bature abin da ya sa a motarsa, ya san ƙasarsa. Ki zuba ruwan nan mai launi da ba ya daskarewa tun kafin ganye ya gama zuba. In kin tada ta da safe kada ki taka ta sai allurar zafi ta motsa. Ki riƙa juye mai a kan lokaci, ki kuma duba shi duk ranar da kika sha esansi, wato fetur, don irinsu suna lasar mai ko suna lafiya. Karbirata biyu gare ta, kamar tagwaye suke, in ɗaya ya ƙoshi ɗaya bai ƙoshi ba babu mai barci a gidan. Saita su aikin mutum ɗaya ne. Lyon cike take da tsofaffin Italiyawa masu garaji, ki nemi guda wanda ke da irinta a ƙofarsa, ki riƙe shi. Kada ki bari kowane saurayin unguwa mai cewa ya iya ya sa mata hannu, ko da Bahaushe ne, ko da ya gaishe ki da sunana. Kuma kada ki yar da katin bas ɗinki. Ranar da ta ƙi tashi, kuma za ta ƙi, marar lafiya ba zai jira karbirata ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, ki shiga da saninki.

Son da na yi mata ma ya taimaka wajen kashe ta. Kullum sai na sauko da bokiti daga hawa na sama na wanke ta, yaran unguwa na kallo, in goge har in ga haƙorana a ƙofa. Ban taɓa watsa ruwa a ƙarƙashi ba, inda gishirin yake. In na gama sai in lulluɓe ta da tamfol na leda in ɗaure tam da igiya, yadda Alhazawan gida ke yi wa motocinsu saboda rana. A can rigakafi ne. A nan kuwa na kulle ta ne da raɓa, tana gumi a ciki dare da rana. Ke ki juya abin. Sama ko ta yi datti ba komai, ƙasa za ki sa a wanke miki da ruwa mai ƙarfi duk bayan an watsa gishiri. Ki nemi garajin haya mai ƙofa a unguwarki ta Vaulx-en-Velin tun kafin ki kawo ta, ko da zai sa ki ɗan taka. In ta kama dole ta kwana waje, kada ki bar ko tabarau a ciki, don mai son ya ɗauka ba zai tsaya neman makulli ba, wuƙa zai sa wa rumfar.

Na yi ta zagaye-zagaye, Uwani, kamar mai neman wurin ajiye mota. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wata rana na ɗaga shimfiɗar ƙafa ta gefen Hajiya don ta jiƙe, in shanya. Na ga ƙarfen ya yi ja ya kumbura. Na danna babban yatsana, ya shige kamar na danna busasshen ganye. Na leƙa, na ga kwaltar hanya. Daga ramin zuwa inda kujerar ta kama ƙasa bai kai tafin hannu ba. Ni mekanisiye ne, na san abin da na gani, ba zan ce ban sani ba. Abin da ya kamata in kai ta wajen mai walda a ranar, ko in ajiye ta. Amma satin nan ake sunan ɗan Alhaji Isuhu na fari a Saint-Denis, duk Hausawan Paris za su taru, ni kuma na riga na ga kaina ina isowa cikin jar mota, rumfa a naɗe, da babbar riga. Sai na yanko ɗan katako na ɗora kan ramin, na yanko gefen tsohuwar darduma na shimfiɗa a kai. Na ce bayan suna.

Ranar sunan da safe kika fito da rigar sallarki, wani maƙwabci mai abin ɗaukar hoto ya ɗora ki kan kafo ya ɗauka. Hoton falo ke nan. Muka shiga, Hajiya a gefe, ke a cinyarta, don kujera biyu ce kuma lokacin ba wanda ke hanawa. An ɗan yi yayyafi. Ba gudu nake ba, Allah Ya sani. Muna kan babbar hanya wani kamiyo a gabanmu ya taka birki, ni ma na taka. Birki ya kama, motar ta tsaya, ban taɓa kamiyon ba. Kujerar Hajiya ce ba ta tsaya ba. Kusoshin suka tsinke daga ruɓaɓɓen ƙarfen, kujerar ta taho gaba da ku duka biyu. Ƙafar Hajiya ta fasa katakon ta shige ramin har gwiwa. Ke kuma goshinki ya daki ƙarfen gaba.

Ba ki yi kuka nan da nan ba. Wannan shirun naki, har in mutu ba zan manta shi ba. Jini ya rufe miki ido ɗaya, ya sauko kan rigar salla. Injin kuwa yana ta tafiya sumul, kamar ranar da na ɗora masa kunne. Direban kamiyon ne ya ɗauke mu zuwa asibiti, ni ina rungume da ke, babbar rigar da na ƙi kwanciya ƙasa dominta na dunƙule ta na danne miki goshi.

Tabon da ke girarki ta hagu ke nan. Ba daga lilo kika faɗo ba, kamar yadda muka faɗa miki. Ciwon gwiwar da Hajiya ke yi duk sanyi, har take hawa bene tana hutawa, ba na tsufa ba ne. Ke da yanzu kike ɗinke mutane, na san kin taɓa duban tabon nan a madubi kin ga bai yi kama da na lilo ba.

Hajiya ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na ji sauƙi. Muna zaune a asibiti an naɗe mata ƙafa, ke kin yi barci, ta ce, "Malam, dardumar ga da ka shimhiɗa, ka san abin da ke ƙarƙashinta?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To." Ba ta sake tada maganar ba har yau. Motar kuwa na sa aka ja ta zuwa wajen masu farfasawa, na tsaya har na ga an ɗaga ta. Mutane kuwa sai na ce musu wani Bature ya matsa na sayar masa da riba. Alhaji Isuhu kaɗai ya san gaskiya, shi ma bai taɓa yi mini ba'a da wannan ba, duk tsiyarsa. Da hoton ya fito na so in yaga, Hajiya ta karɓe ta sa a gilashi ta rataye. Ta ce shi ne na ƙarshe da fuskar ɗiyarta ba tabo. In kin zo ki duba girar.

Kin ga ke kina kallon hoton nan kina ganin ranar farin ciki, ni ina kallonsa ina ganin abin da ke ƙarƙashin darduma. Da kika ce irinta za ki saya, a bakin jirgi, ba ki da laifi, ba wanda ya faɗa miki. Ni ne tsoro ya taso mini, na rasa yadda zan fitar da shi gaban mutane, sai ya fito da kamannin faɗa. Na sake yanko darduma na rufe rami, wannan karon da maganar kallabi. In akwai nasihar da ta fi ta gishiri, ita ce wannan: abin da kika gani ya lalace, a mota ne ko a aikinki ko tsakaninki da mutum, kada ki ce sai bayan suna. Ki yafe mini, na tabon da na tashar duka.

Yanzu ga abin da nake roƙo, roƙo ne ba umarni ba. Jirgin nan mai sauri yana isa Lyon da hantsi. In kin yarda, ranar Asabar in zo. Ba zan yi ciniki ba, ba zan zaɓa miki ba, ba zan ce uffan kan launi ba. Kwalina zan kawo da maganaɗisu da tsohon wandon aiki, in kwanta ƙarƙashin ukun ɗaya bayan ɗaya, in danna yatsana inda kujera ta kama ƙasa, in fito in faɗa miki abin da na gani. In ta farkon ce ta fito garau, jar nan da kike so, ni da kaina zan nemo miki murfin fitila ko a ina yake. In kuwa kin fi son ki je ke kaɗai, ki je, kin san inda za ki duba yanzu, kuma hannunki ya fi nawa ƙarfi.

Na karanta wa Hajiya takardar nan har zuwa nan. Ta saurara tana murza gwiwa. Sannan ta ce in rubuta miki cewa in zan zo ƙafarta ƙafata, kuma ita za ki fara ɗauka, rumfa a naɗe, ta ga garin da ya ɗauke mata ɗiya. Tun ranar sunan nan ba ta sake shiga mota marar rufi ba. Na ce mata kujera biyu ce fa. Ta ce, "Na sani. Kai ka riga ka yi naka tuƙin. Ka zamna bakin hanya ka riƙe muna jikka." Na ce na yarda.

Albarkar da na riƙe a tashar jirgi, ga ta, ba ta jiran amsarki, ko kin kira ko ba ki kira ba taki ce. Allah Ya yi miki albarka, Uwani. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki, samanki da ƙarƙashinki. Ya kiyaye ki daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya da sharrin gaggawa. Duk motar da kika shiga, Allah Ya sa ki sauka da ƙafafunki, Ya kawo mana ke gida da salla kina dariya har da rufe ido.

Ina zaune kusa da tarho duk bayan magariba. In kin buga, ni zan ɗauka.

Wassalam,
Mahaifinki